Chaos A.D.: Faifan da Ya Kai Ƙarar Brazil Gaban Duniya

Wanda bai saba da kiɗan metal mai tsanani ba, in aka kunna masa, ba zai yi minti ɗaya ba zai ce a kashe. Jita na gurnani kamar injin niƙa ya ci tsakuwa, ganguna na zuba babu numfashi, mawaƙin kuma daga can ƙasan maƙogwaro yake tono murya, har ka rasa ko magana yake ko ruri. Yawancinmu a nan muke yanke hukunci, mu ce kiɗan 'yan ƙwaya ne ko na masu bautar Shaiɗan. Zargin bai rasa tushe ba, domin akwai ƙungiyoyi da dama a wannan fage da ba su da wata haja sai zanen ƙoƙon kai da ɓatanci ga addini. Sai dai a cikin hayaniyar akan sami faifan da ya ɗauko wata magana mai nauyi game da ƙasar masu shi. Ɗaya daga cikin irinsu shi ne Chaos A.D., wanda ƙungiyar Sepultura ta Brazil ta fitar a 1993.

Wa da ƙani ne suka kafa ƙungiyar a birnin Belo Horizonte a 1984, Max Cavalera mai waƙa da jita, da Igor Cavalera mai ganguna. Mahaifinsu ma'aikacin ofishin jakadancin Italiya ne, ya rasu a 1979 suna yara, gidan ya faɗa cikin babu bayan an saba da wadata. Sun tashi a ƙarshen mulkin soja da ya danne Brazil daga 1964 zuwa 1985. Waƙoƙinsu na farko shirme ne na samartaka: Shaiɗan, wuta, yaƙin ƙarshen duniya, duk kwaikwayon ƙungiyoyin Turai, da Turancin da ake haɗawa da ƙamus a hannu. Zuwan Andreas Kisser a 1987 ya gyara musu hannu a jita, ga Paulo Jr. a jitar bas. Faifansu na 1989 da na 1991 suka fitar da su duniya a matsayin masu gudun kiɗa na fitar hankali. Da sun ci gaba a haka da sun ci abincinsu lafiya, amma da ba su bambanta da takwarorinsu na Florida ko Jamus ba, in ban da fasfo.

Brazil ɗin da suke kallo a lokacin kuwa ta rikice. Shugaban ƙasa Fernando Collor, wanda ya rufe wa jama'a kuɗin ajiyarsu a bankuna a 1990, ya yi murabus a Disambar 1992 ana tsakiyar tsige shi kan cin hanci. Tsadar kaya a 1993 ta haura kashi 2,000 cikin ɗari, har gwamnati ta sake yanke sifili uku daga takardar kuɗi. A watan Yuli na shekarar aka harbe yara da matasa takwas da ke kwana a bakin cocin Candelária a Rio de Janeiro, kuma 'yan sanda na cikin waɗanda kotu ta kama da laifi. Wata guda bayan haka aka kashe mutum 21 a unguwar talakawa ta Vigário Geral. Soja sun koma bariki, amma hannun da ke riƙe da bindiga a titi bai sauya hali ba.

Abu na farko da Sepultura ta yi a wannan faifai, wanda a ganina shi ne sirrinsa, shi ne rage gudu. Sun sassauta tsirkiyoyin jita domin sauti ya yi kauri ya sauka ƙasa, suka daina tsere da juna, suka bar fili tsakanin bugu da bugu. Wannan ya yi tasiri kai-tsaye a kan saƙon. A kiɗan da ke gudu kamar ana kora, kalmomi narkewa suke yi, mai sauraro ba ya kama komai sai fushi tsagwaronsa. Da aka ja birki, muryar Max ta fito fili, gajerun jimloli irin na masu zanga-zanga, waɗanda dubban mutane za su iya amsawa da baki ɗaya a filin wasa ko da Turancinsu bai wuce na gaisuwa ba. A ɗakin ɗaukar sauti na Rockfield da ke Wales aka yi aikin, ƙarƙashin Andy Wallace, mutumin da ya tace sautin faifan ƙungiyar Nirvana ta Amurka da ya girgiza kasuwa a 1991. Ya san yadda ake sa ƙara ta yi tsabta ba tare da ta rasa haƙoranta ba.

Buɗewar faifan ta cancanci a saurare ta da kyau. Kafin kowane kiɗa, abin da ake ji shi ne bugun zuciyar jariri, ɗan Max mai suna Zyon, wanda aka ɗauka yana cikin mahaifiyarsa. Daƙiƙu kaɗan yana bugawa da sauri, sai gangunan Igor su karɓe, kuma ba da salon da aka saba ji a metal ba. Salon gangunan titi ne na baƙaƙen fatar Brazil, irin wanda ƙungiyar Olodum ta birnin Salvador ta shahara da shi. Sannan jita ta faɗo. Waƙar ita ce Refuse/Resist, kuma hotunan da take zanawa na tarzoma ne: tankokin yaƙi a kan titi, jama'a na arangama da 'yan sanda. A bangon ƙaramin faifan waƙar an sa hoton wani ɗalibin Koriya ta Kudu yana afka wa 'yan sandan kwantar da tarzoma.

Waɗannan ganguna ba baƙi ba ne gare mu ɗungurungum. Salvador babban birnin jihar Bahia ne, inda jiragen bayi suka yi ta sauke mutanen Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawa masu yawa a farkon ƙarni na 19. Hausawan Bahia ne suka kitsa tawayen da aka bankaɗo a 1807, su ne kuma kan gaba a na 1814, sannan a 1835 aka yi babban tawayen bayi Musulmi, wanda Yarbawa suka fi yawa a ciki amma da Hausawa a sahu. Sepultura ba su yi waƙa a kan wannan ba, su fararen fata ne daga wata jiha daban. Amma duk wanda ya ɗauki gangar Bahia ya buɗe waƙar bijirewa da ita, ya ɗauko wani tarihi, ko ya sani ko bai sani ba.

Inda faifan ya fi ƙarfi shi ne inda ya kama suna da rana. Waƙar Manifest an gina ta kamar rahoton rediyo, murya a shaƙe tana karanta labari a kan kiɗa mai nauyi, tana farawa da kwanan wata: Juma'a, 2 ga Oktoba, 1992. A ranar faɗa ya ɓarke tsakanin fursunoni biyu a ɓangare na tara na gidan yarin Carandiru da ke São Paulo, gidan da aka cusa wa mutum sama da 7,000, kusan ninkin abin da aka gina shi ya ɗauka. Faɗan ya zama tarzoma. Aka turo ɗaruruwan 'yan sandan soja ƙarƙashin Kanal Ubiratan Guimarães. Da ƙura ta lafa, fursunoni 111 ne a kwance, mafi yawansu da harsashi a kai ko a ƙirji, da dama a cikin ɗakunansu. Ɗan sanda ko ɗaya bai mutu ba. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin yadda suka kwanta cikin gawawwaki suna riƙe numfashi, da yadda aka tilasta musu jidar gawar abokan zamansu. Galibin mamatan ma jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba.

Washegari ranar zaɓen ƙananan hukumomi ce. Hukuma ta fara cewa mutum takwas ne suka mutu, ba a saki ainihin adadin ba sai da ake dab da rufe rumfunan zaɓe. Wannan ya sa zaɓin da Sepultura ta yi na mayar da waƙar rahoton labarai ya zama mai ma'ana: abin da aka yi wa ƙumbiya-ƙumbiya a gida, su suka karanta shi da ƙarfi ga matasan Turai da Amurka da Japan waɗanda ba su taɓa jin sunan Carandiru ba. Babu wata ƙwarewar adabi a baitocin, kuma ba a buƙatarta. Rana, wuri, adadin gawa, da wanda ya harba.

Abin da ya biyo baya ya nuna ba su yi azarɓaɓi ba. A 2001 kotu ta yanke wa Kanal Ubiratan ɗaurin shekara 632, bai yi zaman kaso ba, ya ci zaɓen majalisar jiha, a 2006 aka soke hukuncin. An rushe wani ɓangare na gidan yarin da nakiya a 2002, yanzu wurin shaƙatawa ne. Tsakanin 2013 da 2014 aka sami 'yan sanda 74 da laifi, aka yi ta kai-komo a kotunan ɗaukaka ƙara, har Shugaba Jair Bolsonaro ya sa hannu a wata afuwa da ta shafe su a Disambar 2022, kwanaki kaɗan kafin ya bar mulki. A ɗaya gefen kuma, a watan Agustan 1993 wasu fursunoni a gidan yarin Taubaté suka kafa ƙungiyar PCC, suna cewa ba za a sake yi musu irin ta Carandiru ba. Yau ita ce ƙungiyar masu laifi mafi girma a Brazil, hodar iblis ɗinta na ratsawa har ta gaɓar Afirka ta Yamma zuwa Turai. Gwamnatin da ta shiga kurkuku da bindiga domin ta nuna iko ta haifar wa kanta abokin gaba da har yau ta kasa tanƙwarawa.

Waƙa ta biyu mai nauyi ba ta da kalma ko ɗaya. Kaiowas kiɗa ne zalla, da jitar katako marar lantarki da ganguna, an ɗauke shi a cikin kangon tsohuwar fadar Chepstow a Wales. A faifan da kowace waƙa ke ihu, nan ne kaɗai aka yi shiru, kuma an yi shi ne domin al'ummar Guarani-Kaiowá, 'yan asalin ƙasar da ke jihar Mato Grosso do Sul. Tsakanin 1915 da 1928 gwamnati ta tattara su a ƙananan keɓaɓɓun filaye takwas, sauran ƙasarsu ta koma hannun masu kiwon shanu, daga baya masu noman waken suya da rake. A filin da ke gefen birnin Dourados dubban mutane ne a matse a ƙasar da ba ta isa noma ba, maza na tafiya ƙodagon yankan rake a gonakin da kakanninsu ke binne. Daga shekarun 1980 matasansu suka shiga kashe kansu a wani adadi mai tayar da hankali. Tsarin mulkin 1988 ya ba gwamnati shekara biyar ta shata wa 'yan asali iyakokin ƙasarsu. Wa'adin ya cika a Oktoban 1993, daidai lokacin da faifan ke shiga kasuwa, kuma aikin bai yi kusa da kammaluwa ba.

A nan ne kuma za a ga iyakar masu kiɗan. Bayanin da suka rubuta a takardar faifan ya nuna wata ƙabila ce ta cikin kurmi da ta kashe kanta a taro ɗaya domin nuna adawa da gwamnati. Ba haka abin yake ba. Mutuwa ce ta ɗaiɗai, shekara bayan shekara, yaro ɗan sha biyar yau, yarinya gobe, a gefen titin mota da gonakin zamani, ba a tsakiyar daji ba. Labarin da suka bayar ya fi daɗin faɗa, ya fi kama da fim, amma na gaskiyar ya fi muni, domin ba shi da rana ɗaya da za a yi makoki a wuce. Samarin birni ne da suka ji labari ya taɓa su, suka yi abin kirki da shi, ba tare da sun taka ƙafa sun je ba.

Sauran waƙoƙin ba su kai waɗannan biyun ba, ko da yake wasunsu sun fi su farin jini. Territory tana magana ne a kan shugabannin da ke ingiza talakawa su mutu saboda ƙasa, an kuma ɗauki bidiyonta a Isra'ila da yankunan Falasɗinawa a shekarar da aka sa hannu a yarjejeniyar Oslo. Gangunan buɗewarta na cikin mafi shahara a tarihin wannan kiɗa, bidiyon ma ya ci kyautar MTV ta Brazil a 1994. Amma in ka zauna da baitocin, za ka ga kowane ɓangare na kowane rikici zai iya ɗauka ya ce da abokin gabarsa ake. Ba ta ce ga wanda ya mamaye ba, ga wanda aka kora. Wasu na ganin wannan hikima ce, ni ina ganin sulɓewa ce. Amen ta taɓo kisa da sunan addini, a shekarar da mabiya David Koresh, jagoran wata ƙungiyar addini a Amurka, suka ƙone a Waco ta jihar Texas. Slave New World kuwa a kan toshe bakin jama'a take.

Biotech Is Godzilla ta fi su ban sha'awa, ta kuma fi su matsala. Jello Biafra, tsohon mawaƙin ƙungiyar Dead Kennedys ta Amurka, shi ya rubuta baitocin, waƙar ba ta kai minti biyu ba. Ya yi wa taron muhalli na duniya da aka yi a Rio a 1992 shaguɓe, ya ambaci Cubatão, garin masana'antu kusa da São Paulo da aka yi wa laƙabi da kwarin mutuwa, inda a shekarun 1980 aka yi ta haihuwar jarirai da tawayar ƙwaƙwalwa, inda kuma gobarar bututun mai ta cinye unguwar Vila Socó a 1984. Duk wannan gaskiya ne. Sai kuma a ƙarshe waƙar ta jefa tambayar ko ƙanjamau ma daga ɗakin gwaje-gwaje ya fito, zancen da ba shi da hujja. Mu nan mun san fuskokin abin guda biyu. Gwajin maganin Trovan a kan yara a Kano a 1996 ya faru da gaske, haka ma ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wanda ya bar yara da dama a gurgunce. Mai sukar manyan kamfanoni in ya gauraya abin da ya tabbata da jita-jita, kamfanonin yake yi wa aiki, domin da ƙaryar za su wanke kansu daga gaskiyar.

Akwai tambayar da ta fi waɗannan wuya: wa ake yi wa waƙar? Da Turanci aka rera kusan komai, a ƙasar da talaka ba ya jin sai harshen Fotugal. Lokacin da faifan ya fito Max ya riga ya koma Phoenix ta jihar Arizona da zama. A Amurka kamfanin Epic, reshen Sony, shi ya rarraba shi, ya kai mataki na 32 a jadawalin Billboard na faya-fayan da suka fi kasuwa, a Birtaniya na 11. Uwar da ɗanta ya mutu a ɓangare na tara da wuya ta taɓa jin Manifest. Waƙar da unguwannin talakawan São Paulo suka riƙe a kan Carandiru ita ce ta 'yan gambarar zamani Racionais MC's a 1997, wadda aka rubuta tare da wani fursuna, da harshen titi, daga cikin ɗakin kurkuku. Mawaƙan Brazil Caetano Veloso da Gilberto Gil ma sun ambaci fursunoni 111 ɗin a wata waƙarsu ta 1993, suka kuma faɗi abin da Sepultura ba ta faɗa ba, wato kusan dukansu baƙaƙe ne ko talakawa.

Wannan bai sa aikin Sepultura ya zama na banza ba, aikin ne daban. Hoton da Brazil ke sayar wa duniya shi ne ƙwallo da bakin teku da bikin raye-rayen titi na Carnival. Su kuma suka zagaya ƙasashe suna nuna bayan gidan. Gwamnatoci irin na ƙasashenmu sun fi jin zafin tonon silili a waje fiye da kukan cikin gida, kowa ya san haka. Kuma a gida ma ba a bar su sun sha iska ba: a farkon 1994, bayan wani babban wasa a São Paulo, 'yan sanda sun tsare Max bisa zargin ya taka tutar ƙasa.

Game da ita kanta ƙarar, ina ganin ba ado ba ce da za a iya cirewa a bar saƙo. Ana iya rera labarin kisan mutum 111 da murya mai zaƙi, an kuma yi, ya yi kyau. Amma murya mai zaƙi tana lallashi, tana ba mai sauraro damar ya ji tausayi ya share hawaye ya ci gaba da harkarsa. Wannan kiɗa ba ya lallashin kowa. Yana sa ƙirji ya ɗauki bugu, jiki ya ƙi zama. Haɗarinsa kuma a nan yake, domin fushi abin sha ne mai daɗi. Yaro a Stockholm ko Chicago zai iya tsalle ya yi karo da 'yan'uwansa na awa biyu, ya fita jiƙe da gumi yana jin ya yi juyin juya hali, alhali ko a taswira ba zai nuna Mato Grosso do Sul ba. Faifan bai warware wannan ba, babu kuma faifan da zai iya.

Su kansu da alama sun gane giɓin da ke cikin Kaiowas. A ƙarshen 1995 suka shiga ƙaramin jirgi zuwa ƙauyen al'ummar Xavante a jihar Mato Grosso, suka kwana a can, aka shafa musu launi a jiki, suka ɗauki waƙar gargajiya tare da mutanen ƙauyen, da izininsu da kuma biyan haƙƙinsu. Ita ce ta shiga faifan Roots na 1996, wanda ya fi Chaos A.D. kasuwa, ya fi shi nutsewa cikin gangunan Bahia tare da makaɗin Bahia Carlinhos Brown, amma bai kai shi kaifin siyasa ba. A Disambar wannan shekara, bayan wani wasa a Landan, rigima ta tashi kan manajar ƙungiyar, wadda matar Max ce. Sauran ukun suka ce a sauya ta, shi kuma ya tattara ya fita. Shekara goma wa da ƙanin ba sa magana da juna.